A-kori-kura mai taya ɗai-ɗai a baya: za ta iya jan tirelar da ke hawa kan bodinta?

Za ta iya, amma da sharaɗi. Irin tirelar nan ba a ƙugiyar bamba ake rataya ta ba. Gabanta yana hawowa ne kan bodin mota, fil ɗin ƙarfe mai kaurin inci 2 ya shiga wani faranti da aka kafa a tsakiyar bodin, kamar dai yadda babbar tirela ke zama a kan kanta. A Amurka da Kanada aka fi amfani da ita, inda ake jan ɗakin kwana mai tayoyi, kuma masu sayen Ford F-250 ko Ram 2500 na tokumbo sukan tarar da ramukan farantin a bodin. A nan Sakkwato, wanda zai so irinta shi ne mai ɗauko albasa daga Goronyo ko mai kai raguna Kara, wanda lodinsa ya fi ƙarfin bodi amma bai kai na roka ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba ƙarfin inji. Injin dizal zai ja, wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ke kayar da mota shi ne nauyin da gaban tirelar ke dannawa a kan tayoyin baya. Tirela mai ƙugiya takan ɗora wa mota kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Wannan kuwa takan ɗora kashi 15 zuwa 25, galibi wajen 20. Tirela mai kilo 5,000 da lodinta za ta zuba kimanin kilo 1,000 a bayan motarka, kuma tayoyi biyu kacal ne za su ɗauka, ba huɗu ba.

Saboda haka ka fara da lissafi tun kafin ka je wurin mai walda. Buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa. Lambar GVWR ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, GAWR na baya kuma iyakar abin da aksil ɗin baya zai ɗauka. Ka hau sikelin manyan motoci da tanki cike, da direba da duk wanda zai shiga, ka cire abin da sikeli ya nuna daga GVWR. Ragowar ita ce nauyin da za ka iya ƙara wa motar.

Ga misali da mota irin Hilux, wadda yawancinta ke ɗaukar kusan tan ɗaya. A ce kilo 1,000 ne. Mutum huɗu, kilo 280. Farantin da ƙarafan ɗaure shi, kilo 80. Jarkokin mai da ruwa da kayan aiki, kilo 60. Saura 580. Idan gaban tirela na danna kashi 20, to tirelar da lodinta kada su wuce kilo 2,900, kuma sai ka sake gwada wannan adadi da iyakar jan da ke cikin littafin motar, ka bi wanda ya fi ƙanƙanta. F-350 mai taya ɗai-ɗai takan ɗauki tan ɗaya da rabi ko fiye, don haka tana iya jan kusan ninkin haka. Da zarar nauyin da ke kan fil ya doshi tan biyu, aikin ya zama na mai tayoyi huɗu a baya.

Ƙara ganyen sifirin ba ya ƙara wannan iyaka. Yana hana bayan mota durƙusawa, ido ya ga kamar komai lafiya, alhali aksil da boris da birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su.

Taya ce ta fi ba da tsoro a yanayinmu. Ka karanta lambar da ke jikinta bayan girmanta: 112 na nufin kilo 1,120 ga taya ɗaya, 121 kuma kilo 1,450. Biyu masu lamba 112 ba za su wuce kilo 2,240 ba, kuma nauyin bayan motar kanta yana cikin wannan lissafi. Adadin ma sai iska ta cika daidai. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwalta ta fi haka, kuma tayar da iska ta yi wa kaɗan tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Mai tayoyi huɗu idan ɗaya ta tafi akwai ’yar’uwarta a gefe. Kai ba ka da wannan gata, gefen motar zai faɗi nan take da tan uku a bayanka. A auna iska da safe kafin a tashi, kada a rage ta a hanya idan aka ga ta hau saboda zafi. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Tayar tokumbo da ta haura shekara shida ba ta wannan aiki ba ce.

Wajen kafa faranti, a ɗaure shi da shasi ta ƙarƙashi da noti masu ƙarfi, kada a yi masa walda a kan falen bodi, domin birki ɗaya mai ƙarfi zai yage falen. Tsakiyarsa ya zauna daidai kan aksil ɗin baya ko ɗan gaba da shi kaɗan. Idan ya koma baya, gaban mota zai yi sama, sitiyari ya yi sako-sako. A bar tazarar santimita 15 tsakanin gefen bodi da ƙasan gaban tirela, musamman ga mai bin hanyar ƙauye mai kwazazzabai. Mota mai ƙofa huɗu bodinta gajere ne, na Hilux kusan mita ɗaya da rabi ne, don haka a kwana mai tsanani kusurwar tirela za ta daki gilashin baya, sai dai a sa faranti mai zamewa baya ko a ƙera gaban tirelar siriri.

Tirela mai wannan nauyi dole ta kasance da birkinta. Na lantarki yana buƙatar na’urar sarrafa shi a gaban direba da soket mai baki bakwai, da igiyar da ke kama birki idan tirelar ta kuɓuce. Kayan da suka fi nauyi su zauna kan tayoyin tirelar ko ɗan gaba, dabbobi kuma a raba su da shinge don kada su taru a gefe ɗaya.

Bayan haɗawa, leƙa da fitila ka tabbatar muƙamuƙin farantin ya rufe fil ɗin, ka sa makulli a hannunsa. Sannan ka ɗaga ƙafafun tirela kaɗan daga ƙasa, ka kama birkinta, ka ɗan ja motar gaba a giya ta ɗaya. Idan haɗin bai kama ba, tirelar za ta sauka a kan ƙafafunta maimakon ta murƙushe bodin. Sai ya riƙe sannan a naɗe ƙafafun gaba ɗaya, kuma bayan kilomita 20 na farko a tsaya a taɓa tayoyin baya da wajen boris a ji zafinsu.