Kurakuran da aka fi yi a zagayen tsohon garin Prag da ɗan jagora

Tsohon garin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, ba shi da wani girma. Daga Ƙofar Albarushi, wadda aka fara ginawa a 1475, zuwa bakin gadar Charles da ke kan kogin Vltava, kilomita ɗaya ne da ɗoriya. Amma ɗan jagora yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku kafin ya kai ayarinsa ƙarshen zagaye, domin kusan kowace kwana tana da labari. Galibin waɗanda ke komawa masauki da ƙorafi ba jagoran ne ya gaza musu ba. Tun kafin a taru suka yi kuskuren, wajen zaɓen lokaci, ko wurin haɗuwa, ko takalmi, ko canjin kuɗi.

Wanne zagaye ka yi wa rajista?

Baƙo yakan ɗauka duk abin da ya gani a hotunan Prag yana cikin tsohon gari. Ba haka ba ne. Tsakiyar birnin, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, tsofaffin garuruwa ne da aka haɗe. A gabas da kogi akwai Staré Město, ainihin tsohon garin, da unguwar Yahudawa ta Josefov a jikinsa, sai Nové Město, sabon garin da Sarki Charles na Huɗu ya kafa a 1348, inda dandalin Wenceslas yake. A yamma da kogi kuma akwai Malá Strana, da Hradčany a kan tudu, inda fadar Prag, tsohuwar fadar sarakuna, take. Zagayen da aka rubuta wa "tsohon gari" sau da yawa a bakin gada yake tsayawa, a nuna maka fadar daga nesa a sallame ka. In fadar kake so, wani zagaye ne daban. Kada kuma ka haɗa biyun a jere ba hutu, don awa shida a tsaye kan daɓen duwatsu ba wasa ba ne. Yi tsohon gari da safe, fada washegari.

Haka batun shiga ciki. Yawancin irin wannan zagaye daga waje ake yi. Hawa hasumiyar tsohon zauren majalisar gari, mai tsayin kusan mita 70, ko shiga gidan tarihin Yahudawa, duk da tikitinsu daban, kuma ayari ba zai jira ka ba. Amfanin zagayen shi ne ya dasa maka taswirar gari a ka. Saboda haka yi shi a ranar farko, ka riƙa rubuta wuraren da za ka koma kai kaɗai.

Wurin haɗuwa yana da nasa tarkon. Cocin Waliyyi Nikolas guda biyu ne a Prag: ɗaya a dandalin tsohon gari, ɗaya a tsallaken kogi a Malá Strana. Gadar Charles ma tana da hasumiya a kowane ƙarshe. Wanda ya rubuta sunan kawai a wayarsa ya bi taswira, yana iya tsayawa a wancan alhali jama'a na wannan, kuma tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce cikin cunkoso. Nemi sunan dandali ko tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa. Staroměstská a layin A ita ce ta tsohon gari, Malostranská kuma ta tsallake. Gidajen Prag suna ɗauke da lamba biyu, ja da shuɗiya. Jar ta rajistar ginin ce a unguwa, ba ta bin tsari. Shuɗiyar ita ke bin jerin titi, ita za ka bi. Ka iso da sauran minti goma sha biyar, domin kamfanoni da yawa ne ke taruwa a wuri guda, kowa da launin lemarsa.

Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar ya lura da agogo. A hunturu lokacinmu ɗaya da Prag. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa guda.

Agogon dandali

Nan ne aka fi yin asarar lokaci. Agogon taurari da ke jikin zauren majalisar, wanda 'yan gari ke kira Orloj, an ƙera shi a 1410, aikin Mikuláš na Kadaň da masanin lissafi Jan Šindel. Kowace awa, daga safe zuwa dare, ƙwarangwal yakan ja ƙararrawa, tagogi biyu su buɗe, mutum-mutumin almajiran Almasihu goma sha biyu su wuce, zakaran zinariya ya yi cara. Duka bai kai minti ɗaya ba. Mutane sukan tsaya minti ashirin a rana suna jira, su ɗaga waya sama, a gama ba su ga komai da idonsu ba, su ce ashe shi ke nan.

Abin kallon fuskar agogon ce, kuma ta fi ganuwa bayan taro ya watse. Bari a yi minti biyar da bugawa, ka matso. Hannun zinariya yana nuna awa a kan lambobin Romawa, waɗanda aka jera daga ɗaya zuwa goma sha biyu har sau biyu, don hannun sau ɗaya yake kewayawa a yini da dare. Zoben da ke can waje yana ƙirga tsohon lokacin Bohemiya, yankin da Prag take, wanda ke farawa daga faɗuwar rana, kamar dai yadda ranar Hijira ke shiga da magariba. Tunda faɗuwar rana tana gusawa cikin shekara, zoben ma yana motsi gaba da baya. Launin shuɗi a sama shi ne yini, baƙin da'ira a ƙasa dare. Ba a tura wannan hannu gaba a bazara, don haka in ka ga yana bayan wayarka da awa ɗaya, ba lalacewa ya yi ba. Roƙi jagora ya nuna maka waɗannan uku da yatsa. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Lokacin da kowa ya ɗaga kai sama shi ne lokacin 'yan sane. Jaka ta dawo gaba, waya da walat su bar aljihun baya. Haka a gada, haka a tiram, ɗan jirgin da ke bin titi, mai lamba 22.

A ƙasa, gefen zauren, akwai fararen gicciye 27 a cikin daɓe, waɗanda ake takawa ba a sani ba. Alamar mutum 27 ne da aka kashe a wurin ranar 21 ga Yuni 1621, bayan an murƙushe tawayen Bohemiya. Babban mutum-mutumin tsakiyar dandali kuma na Jan Hus ne, malamin da aka ƙone a 1415, an kafa shi a 1915.

Tarihi da almara

Jagorori suna son labari mai daɗi, ba laifi, amma kuskure ne a kwashe duka a matsayin tarihi. Za a ce maka an makantar da maƙerin agogon, wani Hanuš, don kada ya yi wa wani gari irinsa. Almara ce, kuma ba shi ne ma ya ƙera shi ba. Za a ce an kwaɓa turmin gadar da ƙwai, ko an ɗora tubalin farko daidai ƙarfe 5:31 na asuba don lambobin kwanan watan da na lokacin su karantu gaba da baya. Ji ka yi dariya, sannan ka tambaya kai tsaye: wannan rubuce yake ko faɗa ake yi? Abin da ya tabbata shi ne an fara gadar a 1357, bayan ambaliyar 1342 ta lalata wadda ta gabace ta. Tsawonta mita 516 ne, kuma har 1841 ita kaɗai ce gada a kan Vltava a birnin. Mutum-mutumi 30 da ke jere a kanta daga baya aka kawo su, kuma da yawa a yau kwafi ne, na asalin suna ajiye.

Gadar da tsakar rana turmutsutsu ce, musamman wajen mutum-mutumin Waliyyi Jan Nepomuk na 1683, inda jama'a ke layi don shafa allon tagulla. A nan ake ɓacewa daga ayari. In kana son hoto da sarari, koma kai kaɗai da sassafe kafin ƙarfe 7.

Ƙafa, sanyi da ban-ɗaki

Titunan daɓen duwatsu ne, manyan har 'yan gari na kiransu kawunan kyanwa. Takalmi mai tsini yana maƙalewa a tsakani, mai santsin ƙasa yana zamewa da an ɗan yi yayyafi, silifas kuma yana gajiyar da tafin ƙafa tun awa ta farko. Kambas mai kaurin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi ya fi komai. Sabon takalmi bororo zai jawo maka. A hunturu tsayuwa ce ke kawo sanyi, ba tafiya ba: minti goma ana bayani a bakin kogi, iska na kaɗawa, sai yatsu su ƙage. Safa biyu, safar hannu, hula mai rufe kunne. Ban-ɗakin jama'a na kuɗi ne, riƙe 'yan sulalla. Ruwan famfo ana sha, gora ɗaya ta wadatar.

Tiram, ɗan jirgin nan da ke bin titi, shi ke da hanya ko a kan layin tsallakawa. Ba zai tsaya maka kamar mota ba, nauyinsa ma ba zai bar shi ba.

Ranar zuwa fada, kada ka hau tudun da ƙafa ka isa a gajiye. Hau tiram 22 zuwa tashar Pražský hrad, ka zagaya, ka gangaro ta titin Nerudova zuwa gada. Tikitin takarda sai an buga shi a 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa, sau ɗaya tak, a farkon tafiya. Wanda ba a buga ba daidai yake da babu, kuma masu bincike tara suke ci nan take.

Kuɗi

Ƙasar tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, amma kuɗinta koruna ne, ba yuro ba. Shagon da ya karɓi yuro da farashinsa zai lissafa maka. A 'yan shekarun nan yuro ɗaya yana yawo tsakanin koruna 23 zuwa 26, don haka in allon ɗan canji ya ba ka ƙasa da 20, wuce, ko da ya rubuta ba ya cire kwamisho. Tambayi nawa za a miƙo maka a hannu kafin kuɗinka ya bar hannunka. In an riga an yi, tun 2019 doka ta ba ka awa uku ka soke cinikin a wurin da ka yi shi, har zuwa darajar yuro 1,000, muddin rasit na hannunka. Kada ka canza da mutumin da ya tare ka a titi, domin takardun wata ƙasa ko waɗanda aka daina karɓa ake damƙa wa baƙo. A na'urar cire kuɗi ko ta biya da kati, in an tambaye ka, zaɓi a caje ka da koruna, bankinka ya yi lissafin.

Zagayen da ake tallatawa da sunan kyauta ba kyauta ba ne. Tukuici ne abincin jagoran, kuma da yawansu suna biyan kamfani wani abu a kan kowane kai da ya zo. Sulalewa ana dab da gamawa rashin kyautawa ne. Duba farashin zagayen biya mai irin wannan tsawo, ka auna abin da za ka bayar da shi, ka riƙe tsabar koruna.

Josefov, da ranar da ka zaɓa

Wanda ya sa zagayensa ranar Asabar zai tarar da gidan tarihin Yahudawa a rufe, haka ma a ranakun bukukuwansu. Asara ce babba. Tsohuwar maƙabartar tana da duwatsun kabari kusan 12,000 cunkushe a ɗan fili, saboda ba a ba su damar faɗaɗawa ba, sai suka riƙa ƙara ƙasa suna binnewa hawa-hawa har 1787. A majami'ar Pinkas an rubuta sunayen kusan mutum 78,000 da 'yan Nazi suka kashe, bango bayan bango. Majami'ar da ake kira Tsohuwa-Sabuwa kuma tun wajen 1270 take, har yau ana ibada a cikinta. Maza suna rufe kai, hularka ta isa. Ware wa unguwar awa biyu aƙalla, ba tare da ayari ba.

Abinci na nan a kowane lungu, amma girkin Cek naman alade ya yi masa yawa. Naman da ake gasawa a kan garwashi a dandali alade ne, kuma farashin da ke allo na giram 100 ne, ba na faranti ba. Haddace kalmomi huɗu na gujewa: vepřové alade, šunka da slanina nau'o'insa, sádlo kitsensa. Ryba kifi ne, smažený sýr soyayyen cuku. Svíčková naman sa ce, amma ana yawan cusa mata kitsen alade, sai ka tambaya. Trdelník, burodin nan mai rami da ake gasawa a jikin sanda, ba tsohon abincin Prag ba ne duk da abin da allunan ke cewa.

Mai kiyaye salla ya duba jadawalin ranar kafin ya yi rajista. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 an yi magariba. Zagayen da ya fara ƙarfe 1 a hunturu zai cinye la'asar ɗungum, kuma babban masallacin birnin yana can gefen gari wajen Černý Most, ƙarshen layin B. A hunturu zagayen ƙarfe 10 na safe ya fi dacewa.