Yadda Ake Gane Filtar Baƙin Mai Marar Inganci Kafin Ta Kashe Inji

Mai mota idan ya je yin juye yakan tsaya ya yi dogon ciniki a kan galan ɗin baƙin mai, ya duba hatimi, ya tambayi lambar kaurinsa, amma da an zo kan filta sai ya miƙa wa yaron gareji kuɗi ya ce ya sayo duk wadda ya samu. Ta wannan ƙofa filta marar inganci take shiga mota, kuma ɓarnarta ba ta bayyana ranar da aka ɗaura ta. Sai bayan watanni, lokacin da inji ya fara shan mai ko fitar da hayaƙi, ko ya buga gaba ɗaya, sannan a ɗora wa man laifi ko a ce motar ce ta tsufa.

Kafin mutum ya iya rarrabe mai kyau da marar kyau, dole ne ya san abin da ke cikin gwangwanin, domin fentin da ke waje ba ya tace komai. Mai yana shiga ta ƙananan hujojin da suka kewaye gindin filta, ya ratsa wata takarda da aka nannaɗe falle-falle, sannan ya fita ta babban ramin tsakiya zuwa cikin inji. Aikin takardar shi ne kama dattin da ido ba ya gani. Ana auna irin wannan datti da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum yana kusa da maikiron 70, filta mai kyau kuwa tana kama mafi yawan ƙwayoyin da suka kai maikiron 20 zuwa 30, waɗanda su ne suke kutsawa tsakanin karanshaf, wato babban sandan da yake juyawa a cikin inji, da metal, wato siraran ƙarafa masu santsi da yake juyawa a cikinsu, suna gurzar su a hankali. Bayan takarda akwai wasu abubuwa biyu da ake yawan mantawa da su. Na farko wata roba ce da take rufe ƙananan hujojin idan an kashe inji, don kada mai ya tsiyaye ya koma kwanon mai da ke ƙasan inji cikin dare. Na biyu wani bawul ne mai sifirin, wanda yake buɗewa idan takarda ta toshe ko mai ya yi kauri saboda sanyi, ya bar mai ya wuce ba tare da tacewa ba, tun da mai mai datti ya fi rashin mai. A wasu motoci wannan bawul a jikin inji yake, ba a cikin filta ba.

A waɗannan wurare uku masu yin jabu suke rage kuɗi. Sukan sa takarda kaɗan mai faɗin ido, su manne ta da gam da ba ya jure zafi, su sa roba mai saurin ƙandarewa, sifirin kuma ko ya yi laushi har bawul ya zauna a buɗe, ko ya yi tauri har ya ƙi buɗewa lokacin da ake buƙata. Idan ya zauna a buɗe, motar tana yawo kamar babu filta a jikinta, kuma babu wata fitila da za ta sanar da direba.

Matakin farko wajen saye shi ne a nemi filta da lambarta, kada a nema da ido. Kowane inji yana da lambar da kamfaninsa ya ware, a Toyota misali filtar gwangwani lambarta takan fara da 90915, ta takarda zalla da ake sakawa cikin mazubi kuma takan fara da 04152. Kamfanoni irin su Mann, Mahle, Bosch da Denso suna da jadawalin da yake nuna wace filtarsu ce ta yi daidai da wace lamba. Maganar da ake yawan ji a kasuwa, cewa “ai duk ɗaya ne, za ta hau”, tana da haɗari na musamman a wajen tiredi, wato haƙoran da ake murɗa filta a kansu. Akwai iri biyu da suka yi kama sosai: na inci, 3/4-16, wanda Toyota da yawa suke amfani da shi, da na milimita, M20×1.5, wanda ake samu a Honda da Nissan da yawa. Filtar milimita tana iya hawa kan tiredin inci ta yi kamar ta ɗauru, alhali haƙoran ba su kama da kyau ba, kuma matsin mai yana iya kwance ta a tsakiyar hanya.

Idan lamba ta yi daidai, sai a fito da filtar daga kwali a riƙe ta a hannu a cikin haske. A dubi rubutun jikinta ko ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi, ko akwai kuskuren harafi, ko lambar kwali ta saɓa da ta gwangwani. A shafa tiredi da yatsa, domin na kirki yana da santsi, na jabu kuwa yakan bar ɓurɓushin ƙarfe, wanda kai tsaye zai wuce cikin inji. A leƙa ƙananan hujojin a ga robar da ke bayansu, a danna ta da tsinken ashana a ji ko tana dawowa da kanta. Baƙa ce ko ja, launin kaɗai ba hujja ba ne, ko da yake jar ta gaske, wadda ake yi da silikon, ta fi jure zafi. Sannan a girgiza filtar kusa da kunne, kada a ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Mutane da yawa suna dogara da nauyi, suna cewa mai nauyi ita ce orijina, amma ni ban ba wannan awo muhimmanci sosai ba, saboda ƙara kaurin gindin ƙarfe ya fi sauƙi a kan sa takarda mai kyau. Haka nan a sansana, domin tsohuwar filta da aka wanke aka sake wa fenti takan riƙe warin fetur ko kananzir, kuma sau da yawa fentin yakan taɓa robar bakinta.

Duk wannan dube-dube yana rage haɗari ne kawai, gwajin da ba ya ƙarya shi ne yankawa. Na koyi haka a kan motata, lokacin da ta fara wata ƙara kaf-kaf da sassafe, fitilar mai kuma ta riƙa jinkiri kafin ta mutu. Wani dattijon bakanike ya kwance filtar, wadda ba ta yi wata biyu ba, ya yanke bakinta ya zazzage cikinta a kan kwali, ya ce: “Malam, matso ka gani da idonka.” Takardar ta rabu da murfinta ta gefe ɗaya har yatsa yana shiga, fallayen sun manne da juna a wani ɓangare sun bar fili a wani, robar kuwa da ya lanƙwasa ta sai ta tsage kamar busasshen ganye. Tun daga ranar, idan zan fara saye a sabon shago nakan sayi biyu, in yanka ɗaya. Abin da ake nema shi ne fallaye masu yawa da tazararsu ta daidaita, gam da ya kama ko'ina, da bututun tsakiya mai ƙarfi da ba ya lotsewa idan an matsa shi da hannu. Mai motoci da yawa, kamar mai kamfanin sufuri, wannan asarar filta ɗaya ita ce mafi arahar binciken da zai yi.

Filta mai kyau ma tana iya ba da kunya idan aka ɗaura ta ba daidai ba. A tabbatar robar bakin tsohuwar filta ba ta maƙale a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna sukan fashe su zubar da mai cikin 'yan mintoci. A shafa sabon mai a robar sabuwar filta, a murɗa da hannu har robar ta taɓa, sannan a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko abin da aka rubuta a jikinta. Sifanar filta ta kwancewa ce kawai, ba ta ɗaurewa ba. Bayan an tayar da inji, ya kamata fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sai a leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗiga. Gwaji na gaske kuma sai washegari da safe, bayan motar ta kwana: idan fitila ta daɗe ko aka ji ƙarar da ba a saba ji ba kafin juye, a canza filtar a ranar, kada a jira juye na gaba.

A manyan motoci, tirela da tanka da tifa, lissafin ya fi tsanani. Injin dizal yana zuba baƙin toka mai yawa a cikin mai, kuma tarbo, mai tura ƙarin iska cikin inji, wanda yake juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan siririn mai yake shawagi, saboda haka shi yake fara mutuwa idan datti ya wuce ko mai ya makara. Motar da take ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano ko Maiduguri tana yin sa'o'i da yawa da inji mai zafi, kuma a irin wannan zafi ne gam marar kyau yake sakewa. Masu irin waɗannan motoci gara su nemi Fleetguard, Donaldson, Baldwin ko ta kamfanin motar daga dilan da yake ba da rasit mai ɗauke da lambar kaya, tare da sanin cewa sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa dalili ne na tsayawa a yi tambaya. Wanda ya ci karo da jabu yana iya kai ƙorafi ga hukumar SON, wadda take kula da ingancin kayayyaki a Najeriya. A lokacin hunturu kuma a haɗa da duba filtar iska, domin ƙurar da ta kuɓuce mata a cikin mai take ƙarewa, ta cika filtar mai tun kafin a kai kilomita 5,000 da kanikawa da yawa suke bi.

A kowane juye a sa a yanka tsohuwar filta kafin a jefar, amma da almakashin yankan ƙarfe, ba da zarto ba, saboda garin zarto yana rikita abin da ake nema. A ware fallayen a rana a duba tsakaninsu. Baƙin datti ba abin damuwa ba ne, aikinta ke nan. Idan aka ga ƙyalli kamar garin azurfa ko na jan ƙarfe, metal ya fara ci, kuma ya kamata a auna matsin mai a sauke kwano a duba kafin motar ta sake yin doguwar tafiya.