Kafin ka hau siririn jirgin kanal a Ingila

Duk wanda ya bi ta Little Venice ko Camden a Landan zai ga dogayen jirage sirara jere a bakin ruwa, wasu da tukwanen furanni a kan rufi, hayaƙi na fita ta bututu. Sabon zuwa da kuɗin haya ya gallabe shi yakan ce ai ga mafita. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ka yi hayar jirgin na 'yan kwanaki kafin ka yi tunanin mayar da shi gida.

Don dakon kaya aka haƙa waɗannan hanyoyin ruwa da ake kira kanal. Ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, kwal take kaiwa daga Worsley zuwa Manchester, doki na jan jirgi daga gefe, shi ya sa har yau akwai 'yar hanyar ƙafa a bakin ruwan. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 7 ba, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70. Tun 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin a Ingila da Wales.

Haya ba ta buƙatar lasisin tuƙi, kamfanin zai koya maka kafin ka tashi. Gudun bai wuce mil 4 a awa ba. A ruwa hannun dama ake bi, saɓanin titin ƙasar. In ka tura sandar tuƙi dama, hancin jirgi hagu zai yi, kuma babu birki, sai dai ka sa inji baya.

Inda nake so ka natsu shi ne lok, wato ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya wanda ke ɗaga jirgi ko ya sauke shi inda ƙasa ke da tudu. Da hannu ake buɗe mashigar ruwan da mafitarsa, da wani ƙarfe mai lanƙwasa da za a ba ka. Idan kana sauka, akwai dakali a ƙarƙashin ƙofar baya, an sa masa alama da farin fenti a bango. Matsar da jirgi gaba da alamar. In bayansa ya hau dakalin ruwa na janyewa, hancin zai nutse cikin ɗan lokaci. Da ka ga abin da bai yi maka ba, rufe mashigar ruwa nan take. Yara su sa rigar ceto, kada a bar su suna guje-guje a bakin lok. Tafiyar farko ba ta Tardebigge ba ce, inda lok 30 ke jere. Nemi hanya mai sauƙi.

Kada ka yi alwala da ruwan kanal, fitsarin ɓera na sa masa cuta. Yi amfani da na tanki, ka riƙa cika shi a famfunan hanya. Alƙibla na sauyawa da kowace kwana, don haka ɗaure jirgi kafin salla ya fi sauƙi. Naman halal kuma saye shi tun daga birni.

Zama na dindindin wani abu ne daban. Sai ka biya lasisin jirgi da inshora, ga takardar binciken lafiyarsa duk shekara 4. Wanda ba shi da matsaya ta kansa dole ya tashi daga wuri duk kwana 14, ya yi gaba da gaske, matsaya a Landan kuwa tsada gare ta. Kai za ka kwashe bayan gida, kai za ka nemo kwal da gas a tsakiyar hunturu. Ga mai iyali da yara 'yan makaranta, ko wanda ke jiran wasiƙun biza da na banki, rashin tsayayyen adireshi wahala ce babba, kuma ba na ba shi shawarar ya fara da wannan a shekararsa ta farko.