Yadda Za Ka Zaɓi Firjin Mota Don Tafiyar Kwanan Daji: Mai Sanyi Kaɗai Ko Mai Firiza?

Duk wanda ya shiga shago neman firjin mota, abin da mai shago zai fara tambayarsa shi ne lita nawa yake so. Daga nan sai ya nuna masa mai ɗaki biyu, ɓangare ɗaya sanyi, ɗaya ƙanƙara, ya ce wannan shi ne na manya. Ni ina ganin ba daga nan ake farawa ba. Yawancin masu fita da mota su kafa tanti su kwana biyu ko uku, firji mai sanyi kaɗai ya ishe su, kuma kuɗin da za su ƙara don firiza ya fi amfani idan aka zuba shi a batir. Amma akwai tafiyar da ba ta yiwuwa sai da firiza. Ga yadda za ka gane a wane sahu kake.

Mataki na farko: ƙirga kwanakin da ke tsakaninka da kasuwa

Ba tsawon tafiyar gaba ɗaya za ka ƙirga ba. Ka duba kwana nawa za ka yi a jere ba tare da ka ratsa garin da ake yanka ba. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Yankari zai bi ta Bauchi, ya sayi nama da kayan miya a can, sauran tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya ce zuwa sansanin Wikki. Wanda ya nufi Gashaka Gumti ko tsaunin Mambilla yana da Jalingo, yana da Serti, yana da Gembu. A irin waɗannan hanyoyi da wuya ka yi kwana uku ba ka ga mahauci ba. Ɗanyen nama yana zama lafiya a sanyin digiri 4 na kwana biyu zuwa uku, kaza da kifi da niƙaƙƙen nama kuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Ke nan sanyi kaɗai ya wadatar.

Labari yana canzawa ga wanda zai keta Tenere daga Agadas zuwa Bilma, tafiyar da ta haura kilomita 500 a cikin rairayi, ko masu aikin bincike da haƙar rijiyoyi da kan yi mako guda a daji. Idan kwanakinka ba kasuwa sun wuce huɗu kuma kana son ɗanyen nama ko kifi, firiza ta zama dole, domin digiri 18 ƙasa da sifili ne kaɗai ke tsayar da lalacewa na tsawon makonni.

Mataki na biyu: rubuta abin da zai shiga ciki

Ɗauki takarda ka raba guzurin gida uku. Kashi na farko wanda ba ruwansa da sanyi: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, shinkafa, taliya, busasshiyar kuɓewa, kuka, albasa. Iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja da irin wannan guzuri, kuma har yau shi ne ginshiƙin abincin matafiyi. Kashi na biyu mai son sanyi: fura da nono, kindirmo, zoɓo, kunun aya wanda ba ya jure zafi ko na yini ɗaya, dafaffiyar miya, tumatir da tattasai, ruwan sha. Kashi na uku mai son ƙanƙara: ɗanyen naman da za a ci bayan kwana huɗu ko biyar, kifi, da ita kanta ƙanƙarar.

Idan kashi na uku bai wuce leda ɗaya ko biyu ba, kada ka sayi firiza saboda su. Akwai dabarar da za ta ɗauke ka, za mu zo kanta.

Abu ɗaya a nan ba wasa a cikinsa. Idan a cikin tafiyar akwai mai ciwon suga da ke amfani da allurar insulin, ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar ta daskare ta lalace, ko da ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta. Saboda haka kada a taɓa mayar da akwati mai ɗaki ɗaya firiza alhali maganin na ciki, kuma ko a yanayin sanyi kada a jingina shi da bangon ciki inda sanyin ke fitowa. A sa shi a ƙaramin mazubi a kwandon sama.

Mataki na uku: tantance irin injin da ke ciki

Iri uku ake sayarwa da sunan firjin mota, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai mai araha, mara nauyi, wanda fanka ce kawai ke juyawa a murfinsa. Wannan ba ya iya saukar da sanyi fiye da kimanin digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin waje. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, cikinsa zai tsaya wajen 20 zuwa 25, wato daidai yanayin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ga shi ba ya hutawa, dare da rana yana shan wuta. Ka bar shi a shago.

Akwai mai aiki da iskar gas. Yana da amfani ga wanda zai yada zango wuri ɗaya na tsawon lokaci, amma sai an daidaita shi a ƙasa ba karkata, yana wahala a zafi mai tsanani, kuma ba a kunna gas ɗinsa a cikin rufaffiyar mota ko tanti saboda hayaƙi mai kisa.

Na uku shi ne mai kwamfuresa irin ta firjin gida, an dai yi ta don wutar batir ta bolt 12 ko 24, kuma yawancinsu suna da wayar da ake jonawa a wutar gida. Shi ne abin saya. Engel na Japan, Dometic na Suwidin, ARB na Ostareliya da National Luna na Afirka ta Kudu sun yi suna a wannan fanni, sai kuma na Sin irin su Alpicool da suka fi sauƙin kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kusan duk mai kwamfuresa mai ɗaki ɗaya yana iya sauka har digiri 18 ƙasa da sifili. Wato zai iya zama firji, zai iya zama firiza, sai dai ba a lokaci guda ba. Mai ɗaki biyu ne ke yin duka tare, kowane ɗaki da ma'auninsa. Farashin wannan shi ne ƙarin kuɗi, ƙarin nauyi, da bangon tsakiya da ke cinye wuri. Idan ka karkata ga mai ɗaki biyu, nemi wanda ake iya zare bangon ko a kashe ɗaki ɗaya, don ranar da ba ka buƙatar ƙanƙara.

Mataki na huɗu: lissafin wuta

A nan ake yanke hukunci, don haka kada ka yi gaggawa. Kwamfuresar matsakaicin firjin mota tana jan kimanin wat 45 idan tana aiki. Raba 45 da bolt 12, ka sami amp kusan 4. Ba kullum take aiki ba; tana tashi, ta kai sanyin da ka saita, ta huta. Tsawon aikinta ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin waje da sanyin da kake nema. Idan waje digiri 40 ne kana son 4 a ciki, tazarar 36 ce. Idan kana son 18 ƙasa da sifili, tazarar ta koma 58. Bayan haka, kwamfuresa tana ƙara wahala wajen fitar da zafi idan cikin ya yi sanyi sosai. Shi ya sa firiza ke cin wuta fiye da yadda girmanta ke nunawa.

Mu ɗauki misali. A Mambilla, inda tudu ya kai kusan mita 1,600 kuma dare da sanyi, ka ce injin ya yi aikin awa 8 cikin 24: amp 4 sau awa 8 ya ba ka 32, wato jimillar wutar da ya sha a yini da kwana, irin ma'aunin da ake rubutawa Ah a jikin batir. A bazarar ƙasar Hausa ka ce awa 12: ya zama 48. Ka mayar da shi firiza a wannan zafin, ka ce awa 17: ya zama 68. Naka lissafin zai ɗan bambanta gwargwadon kaurin bangon akwatin da yawan buɗe shi, amma haka tsarin yake.

Yanzu dubi batirin. Na tayar da mota yawanci amp 60 zuwa 70 ne, kuma an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, ba don a tatse shi dare guda ba. Wanda ya bar firji a kansa ya kwanta, da asuba yana iya murɗa makulli ya ji shiru, a wurin da ba mai tura shi. Kana buƙatar batir na biyu. Idan irin na dalma ne mai amp 100, rabinsa kawai ya kamata ka sha idan kana so ya yi ƙarko, wato 50. Wannan yini da kwana ɗaya ne na firji a bazara, firiza kuwa ba za ta kai awa 24 ba idan motar na tsaye. Na litiyom mai amp 100 yana ba ka 80 zuwa 90, ga rashin nauyi, sai dai tsada. Idan kuma akwatin wutar nan na tafi-da-gidanka za ka saya, wanda ake auna shi da wat na awa (Wh), ninka jimillar amp ɗinka sau 12: 48 ya zama 576. Ke nan mai 500 ba zai kai ka awa 24 a zafi ba. Ka jona firjin ta kafar bolt 12 ta akwatin, kada ka bi ta kafar wutar gida, domin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, tana cin nata kason a hanya.

Sai maganar caji. Idan kullum kana tuƙi na awanni, mai wayarin zai haɗa maka na'urar da ke cajin batir na biyu daga injin mota, ta kuma raba shi da na farko idan an kashe. Idan kuwa za ka zauna wuri ɗaya, sai sola. Faranti mai wat 100 a rana mai kyau yana ba da kusan amp 5, ka sami 25 zuwa 30 a yini. Bai cika maye abin da firji ya sha a bazara ba, amma yana tsawaita kwanakinka. Firiza tana son wat 200 zuwa sama. Lokacin hunturu kuma ƙura tana rage hasken, sai an riƙa goge farantin safe da yamma.

Idan ka gama wannan lissafi ka ga aljihunka ba zai ɗauki firiza da batirinta da solarta tare ba, amsar ta fito: sayi mai ɗaki ɗaya mai kyau da batirin da zai riƙe shi.

Mataki na biyar: girma da gurbi

Mutum biyu na kwana uku, lita 30 zuwa 40 ta isa. Iyali mai mutum huɗu ko biyar, 45 zuwa 55. Masu ɗaki biyu da suka yi amfani yawanci daga 60 suke farawa, kuma idan an cika su sai mutum biyu sun kama. Auna but ɗin motarka kafin ka je shago, har da tsayin da murfin ke buƙata ya buɗe, da ɗan sarari kamar faɗin tafin hannu a gefen da iska ke fita.

Mataki na shida: abin da za ka duba kafin ka biya

Duba takardar da ke manne a jiki. Idan an rubuta ajin yanayi, nemi harafin T, wanda aka yi don zafin da ya kai digiri 43; mai N kaɗai iyakarsa 32. Tabbatar yana da tsarin kashe kansa idan batir ya yi ƙasa, yawanci hawa uku ne. Idan a batirin mota ka jona, sa shi a na sama. Sa mai shago ya kunna shi a gabanka da batir, ba da wutar gida kaɗai ba, ka jira ka ga lambar tana sauka. Idan na hannu ne, saka takarda a bakin murfin ka rufe ka ja. In ta zare ba turjiya, robar ta saki. Ka tambaya ko ana samun wayarsa da allon na'urarsa a kasuwa, domin su ne ke fara mutuwa.

Kada ka dogara da soket ɗin kunna taba. A motoci da yawa yana mutuwa da zarar an zare makulli, wayarsa siririya ce, kuma a hanyar gargada filogin yana sassautowa ba ka sani ba. Sa mai wayarin ya ja waya mai kauri daga batir, da fis a kusa da kan batirin, da filogi mai kamawa.

Mataki na bakwai: daren tafiya

Jona firjin a wutar gida tun da yamma don ya yi sanyi kafin a loda shi, kuma duk abin da zai shiga ya riga ya kwana a firjin gida. Ga dabarar da na ambata: daskarar da miya da naman kwana na uku da na huɗu a firizar gida, cikin leda biyu ko roba mai murfi, ka jera su a can ƙasa tare da gorunan ruwa da suka ƙanƙare. Saita akwatin a digiri 2 zuwa 3. Za su narke a hankali cikin kwana biyu ko fiye, suna taimaka wa injin ya huta, kuma naman na ƙasa ba zai ɗiga a kan abin da za a ci ba dafawa ba. Abin da ya narke a dafa shi, kada a sake daskarar da shi.

Ruwan sha da lemo su ne ke sa a buɗe murfi sau ba adadi, musamman idan da yara. Ware musu kula ta daban da ƙanƙara, ko ka riƙa fitar da na rabin yini a lokaci guda. Ɗaure firjin da igiya mai ƙarfi a but don kada birki ya wurgo shi. Idan an tsaya, nemi inuwa ka ɗan sauke gilasai, domin rufaffiyar mota a rana tana iya haura digiri 60, ko ka fito da shi ƙarƙashin bishiya ka ɗora shi a kan katako, ka lulluɓe saman da bargo ba tare da toshe kafar iska ba. Ka sa ƙaramin ma'aunin zafi a ciki, ka leƙa shi safe da yamma. Muddin bai haura digiri 5 ba, abincinka lafiya yake.