Babi na 6: Yadda ake sa yakuwa ta yi fure da wuri

Darasi na 1

To jama'a ku lura da dawar gargajiya, ko ka shuka da wuri ko ka makara kusan lokaci ɗaya take fidda kai, can ƙarshen damina, saboda jira take dare ya yi tsawo. Yakuwa ma haka take, wadda ake zoɓo da ita ɗin nan. Wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan a 1920 bayan gwaji da taba. Mu wayo za mu yi wa yakuwa, mu haɗa mata dogon dare tun a watan Yuli.

Ka samu yakuwa a bokiti wadda ta yi ganye sosai, da babban kwali. Duk wata ƙofa a jikinsa ka toshe da tsumma. Banda baƙar leda, zafi zai dafa ta.

Ƙarfe 5 na yamma, wato bayan la'asar, ka kife ta da kwalin. Ƙarfe 7 na safe ka ɗauke. Awa 14 kenan, kullum, har ka ga fure ya fara tsirowa. Zai ɗau makonni, kar ka karaya, wanda ya iya rainon akuya zai iya wannan.

In ka kife, ka kife kenan. Kar ka ɗaga. Kar ka haska tocila, ko fitilar waya, ɗan hasken nan sai ya katse mata daren, aikin ranar ya tashi a banza. Mu maimaita tare: in an rufe ba a buɗewa sai safe. Iya, ki ja wa jikoki kunne su ma.

Bara wani dattijo a ajinmu kullum bayan isha'i sai ya leƙa da tocila wai ya ga ko ta fara, sannan ya zo yana cewa darasin ƙarya ne. Haba Malam! Sau nawa zan faɗa? Kar a leƙa, dan Allah kar a leƙa.

Darasi na 2

In ganyen miya kake so ba fure ba, to juya abin. Idan dare ya fara tsawo wajen ƙarshen damina, ka kunna mata ƙwan lantarki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2. Na sola ma ya yi.

Darasi na 3

Ku rubuta ranar da kuka fara a jikin kwalin, ku zo min da shi.