Yadda za ku adana sana'ar haɗa jirgin katako a kwatar garinku

'Yan uwa mutanen bakin ruwa, musamman na yankin Yauri da Ngaski da sauran garuruwan da ke gefen tafkin Kainji, wannan rubutun naku ne, amma wanda yake Baga ko Gaya ta Nijar ko bakin Binuwai shi ma zai iya ɗauka ya yi aiki da shi. Maganar ita ce tsofaffin da suka iya haɗa jirgin katako suna ta ƙarewa, kuma ilimin nan ba a rubuce yake ba, a hannunsu yake da idonsu, ranar da aka kai mutum makwancinsa an tafi da shi kenan. Ni a ganina hanya mafi inganci ta riƙe shi ita ce a sa tsoho ya haɗa jirgi sabo fil, samari suna kama masa, ana ɗauka a waya, in an gama kuma jirgin ya shiga ruwa ya yi aiki.

Kafin komai ku je wajen Sarkin Ruwa ko shugaban masunta na kwatar, ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, sannan a sanar da mai unguwa ko hakimi. Kar ku tsallake wannan dan Allah, don in ka shigo da kyamara haka kawai kana ɗaukar mutane za a ɗauka wani aikin gwamnati ne ko kuɗi aka ba ka, sai kowa ya kama bakinsa. Su ne kuma za su nuna muku wanda ya iya aikin da gaske, don ba kowane kafinta ne ya san jirgi ba.

In kun samu tsohon, ku yi ciniki da shi kamar yadda kowa zai yi in yana son jirgi, ku biya shi kuɗin aikinsa cif, har da ƙari saboda koyarwar da zai yi, tunda aikin zai ja lokaci fiye da yadda ya saba. Kuɗin ana iya haɗa shi ta ƙungiyar matasa ko adashe ko gudummawar 'yan garin da ke zaune a birni. Samari huɗu ko biyar sun isa, in sun yi yawa kallo kawai za su yi, kuma a zaɓi waɗanda za su zauna a garin, ba wanda yake jiran rani ya tafi ci-rani ba.

Toh yanzu ga inda aikin yake. Ɗaukar bidiyo daga ranar sayen katako ake farawa, ba ranar buga ƙusa ba, saboda rabin ilimin a wajen zaɓen katako yake. Ku lura da yadda yake juya falanki yana duba gaɓa da tsagewa, yana ƙwanƙwasa shi da bayan gizago yana sauraron ƙarar, ku tambaye shi, Baba me ya sa ka ajiye wancan ka ɗauki wannan? Ku tambayi sunan icen, daga ina ake kawo shi yanzu, da can da wanne ake yi, don da yawansu za su ce muku a zamanin iyayensu gungumen ice guda ake sassaƙewa ya zama kwale-kwale, irin su maɗaci, da manyan itatuwa suka yi wuya aka koma haɗa falanki da ƙusa. Wannan canjin shi kansa tarihi ne, ku bar shi ya yi bayani son ransa kar ku katse shi.

Wajen awo kuma za ku ga yawanci ba ya taɓa tef, da igiya yake yi da taku da kamu da ɗani. Kar ku ce ya canza. Ku bari ya auna yadda ya saba, in ya gama wani yaro ya bi baya da tef ya rubuta a littafi, tsawo kaza, faɗin tsakiya kaza, faɗin goshi kaza, zurfi kaza, tazarar da ke tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari kaza, sai ya zama kuna da awo biyu gefe da gefe. Lokacin da ake lanƙwasa falankin gefe ana ɗaure shi kafin a buga, mai waya ya matso kusa sosai ya ɗauki hannun tsohon, ba fuskarsa ba, haka ma lokacin toshe tsakanin katako da auduga ko tsumma da kwalta, a ga yadda yake cusawa da yadda yake gane ya isa. Wannan wajen ne jirgi yake yoyo in aka yi ganganci, kuma shi ne abin da baki ba ya iya bayyanawa sai an gani. Kowane ɓangare na jirgin a rubuta sunansa da Hausa, in mai aikin Bagunge ne ko Banufe a rubuta da yarensa ma, haka kayan aiki, gizago, gatari, zarto, kurfi, filafili, duk a jera a ɗauki hoto.

Kullum da yamma a kwashe abin da aka ɗauka a sa a memori biyu, ɗaya a wajen sakatare ɗaya a wani gidan daban, in akwai data a ɗora a Google Drive, kuma a sa wa kowane bidiyo kwanan wata da abin da aka yi a ranar. Waya tana faɗawa ruwa, a bakin kwata ma kuwa ba abin mamaki ba ne.

Tarihin kwatar kanta shi ma a haɗa shi lokaci guda, tunda mutane sun riga sun saba da ganinku. Ku zauna da mata masu bandar kifi, da 'yan dako, da makanikan injin jirgi, da tsofaffin Sarkawa masunta, ku tambaye su ina jirage ke tsayawa da, me ake saukewa ranar kasuwa, daga wane gari, yaushe aka fara sa inji a jirgi. A yankin Kainji akwai tambayar da ta fi kowacce gaggawa: da aka gama madatsar ruwan a 1968 tafkin ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka da dama, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, kuma waɗanda suka ga wuraren nan da idonsu yau duk sun tsufa. Ku ba su takarda babba ko ku share ƙasa su zana muku da kara inda kowane gungu, wato tsibiri, yake da sunansa da hanyar da jirgi ke bi, ku ɗauki hoto ku kwafa a takarda. In wani yana da tsohon hoto a akwati, ku ɗauka da waya a gabansa ku mayar masa nan take.

Tsohon jirgin da ya daina aiki, in yana da labari, a ja shi inuwa a ɗora kan gungume kar ya taɓa ƙasa saboda gara, kar a yi masa fenti wai don ya yi kyau. In kuwa an ci karo da ice mai kama da jirgi binne a cikin laka, kar a ciro shi, yana bushewa zai tsattsage, a bar shi a jiƙe a sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta ƙaramar hukumar Fune a Yobe ya taɓa wani ice, da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994 sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, shekarunsa wajen 8,000, wanda babu wanda ya kai shi tsufa cikin waɗanda aka sani a Afirka. Da an fasa shi an yi makamashi da shikenan.

Ranar da za a sa sabon jirgin a ruwa a gayyaci gari, a yi addu'a, a kawo 'yan makaranta su gani, in lokacin Rigata, bikin tseren jirage, ya kusa a Yauri ma a shiga da shi. Bayan nan kar a kulle shi a ce kayan tarihi ne. A garin Roskilde na Denmark, kusa da inda aka tono jirage guda 5 na Vikings, tsofaffin matafiya teku na arewacin Turai, a 1962, gidan tarihin jiragen yana da filin haɗa jirgi da ake aiki da gatari irin na da a gaban jama'a, kuma ɗaya daga jiragen da suka haɗa ya yi tafiya har Dublin, babban birnin Ireland, a 2007. Naku ya riƙa kai mutane kasuwa ko ƙetarar da yara makaranta, abin da ya samu a ware na gyara. Amma wallahi a nan ba wasa, mun sha jin labarin jiragen da suka kife a kogin nan da mutane masu yawa, don haka a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa ɓaro-ɓaro, a sayi rigunan kariya tun cikin kuɗin farko, ba tafiyar dare, ba ƙarin mutum ko ɗan waye.

Duk shekara in ruwa ya ja baya a fito da shi a kife, samarin su duba ƙusoshi su sake toshi da kwalta da kansu. Jirgi na biyu kuma su za su haɗa tun daga sayen katako, Baba yana zaune a inuwa, sai in sun kauce ya yi magana, shi ma a biya shi kuɗin zamansa.