Yadda Malamin Ajin Baftisma Zai Amsa Wa Mai Cewa Halin Kirki Ya Isa

A ajin baftisma na ikkilisiyoyinmu, ko a birnin Katsina ko a ƙauyukan wajen Malumfashi da Ƙafur, da wuya a kammala karatu ba a sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni ba na sata, ba na shan giya, ban taɓa cin amanar kowa ba, to me ya rage mini?" Na daɗe ina koyar da wannan aji, kuma ga hanyar da na ga ta fi kai mai tambayar ga amsa ba tare da an kunyata shi ba.

Da farko, kada ka raina kirkinsa. Bahaushe ya san darajar gaskiya da amana da kunya da karamci, kuma muna zaune ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi waɗanda da yawansu suke riƙe da waɗannan halaye yadda ya kamata, saboda haka idan ka ce halin kirki ba komai ba ne, ɗalibinka zai san ba gaskiya ka faɗa ba. Ka buɗe masa Ayyukan Manzanni sura 10, inda aka shaida cewa addu'o'in Karniliyus, wani hafsan sojan Roma, da sadakarsa sun kai gaban Allah, amma duk da haka sai da aka aiko masa da manzo Bitrus domin ya ji labarin Almasihu.

Daga nan ka kai shi Markus 10:17-22, kuma ka bar shi ya karanta da bakinsa, tunda muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Mutumin da ya durƙusa a gaban Yesu ya ce ya kiyaye dokokin tun yana yaro, Yesu kuma bai ƙaryata shi ba. Ya dube shi, ya ƙaunace shi, sannan ya taɓa abu ɗaya da bai iya rabuwa da shi ba, wato dukiyarsa, sai ya tafi da baƙin ciki. A nan ne za ka yi tambayarka, ka ce, "Ɗana, mene ne a hannunka wanda idan Ubangiji ya ce ka sake shi za ka juya masa baya?" Idan ka yi tambayar, ka yi shiru, domin yawancinmu malamai a nan muke ɓata aikin da yawan magana.

Na taɓa yi wa wani mai awon hatsi wannan tambaya, mutumin da kowa a kasuwa ya san ba a taɓa buga gindin tiyarsa ba, kuma yakan cika ta har gero ya zubo. Ya daɗe yana murza hularsa a kan gwiwa, sannan ya ce, "Baba, ni da ƙanena shekara shida ke nan ba ma ga maciji saboda gonar gado, kuma ko da ya zo neman gafara ba na jin zan yafe." Babu wanda ya san wannan a cikin masu yabonsa, shi kansa ma bai taɓa lissafa shi cikin zunubi ba, domin da maƙwabtansa yake gwada kansa, kamar Bafarisiyen nan na Luka 18, ɗan ɗarikar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, mai azumi sau biyu a mako, wanda ya gode wa Allah da bai zama kamar mai karɓar haraji ba.

Sai mutum ya ga wannan giɓi da idonsa ne Afisawa 2:8-9 take shiga zuciyarsa, inda Bulus ya nuna cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Amma ina roƙonka kada ka rufe littafin a aya ta 9. Ka karanta ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka, ka haɗa da Yakubu 2:26 wadda ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, domin na ga waɗanda suka fita daga aji suna zaton an sauke musu nauyin riƙon amana, abin da yake jawo wa sunan Almasihu zagi a unguwa.

A ƙarshen zaman, kada ka yi gaggawar miƙa sunansa ga Fasto domin a cika adadi. Ka yi addu'a tare da shi, ka ba shi Matiyu 5:23-24 ya tafi da ita gida, inda aka ce mai kawo baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah, ya bar shi a gaban bagadi ya fara shiryawa da ɗan'uwansa, sannan ka sanar da dattawan ikkilisiya idan ya yarda. Mai awon nan mun ɗaga baftismarsa zuwa aji na gaba da amincewarsa, kafin lokacin kuma wani dattijo ya raka shi ƙauyensu har sau biyu, domin a zuwan farko ƙanen bai yarda ya fito zaure ba.